Tawa, Garin da Kwaɗi Suka Yi Kokawa

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiya ce ta ɗan lokaci, amma da zarar an tsallaka iyaka an shiga Birnin Ƙonni sai harka ta sauya. Naira ta koma sefa, ciniki ya koma na dala-dala, mai babur ya zama ɗan kabu-kabu, jandarma ya karɓi takardarka yana juya ta a natse. A tasha na tarar motar Tawa ta kusa cika, aka matsa mini wuri kusa da wani dattijo mai rawani da ya ɗora ƙullin goro a cinya. Mun ɗan bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Tsarnawa, daga nan muka karkata arewa. Lokacin hunturu ne, an gama girbi, gonaki sun zama kara da ƙura. Adar ƙasa ce ta jan dutse da kwazazzabai, kuma abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne rumbunan laka, manya-manya masu ƙugu, a jere a bakin kowane ƙauye, wasu har sun fi ɗakunan kwana girma. Bayan Badagishiri barci ya kwashe rabin motar.

Mutum ɗaya ne ya kai ni Tawa, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Sunansa Mustafa Alasan, a takardun Faransanci ana rubuta shi Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Masu tarihin fim suna sa shi a sahun farko na waɗanda suka yi zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara, kuma a nan Tawa ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, ya mai da wani ɓangare na otal ɗinsa wurin aikin fim. Samarin da na sani a Kano da Kaduna masu koyon katun a kwamfuta za su lissafa maka kamfanonin Japan da na Amurka ba tare da sun numfasa ba, amma in ka ambaci wannan bawan Allah sai su dube ka. Abin yana yi mini ciwo, domin tsakaninsu da garin da ya yi aikinsa bai wuce tafiyar yini ba, kuma harshen da ake yi a kasuwar garin nasu ne.

Da ɗan gari akan ci gari. Mai masaukina malamin lakwal ne, abokin wani ɗan'uwana, mutum mai yawan fara'a da ƙarancin magana. Daren da na sauka, muna cikin cin tuwon gero aka ɗauke wuta. Babu wanda ya yi tsaki. Ƙaramar 'yarsa ta ɗauko tocila ta haska bangon zaure, yayanta ya harɗe yatsu, sai ga zomo a jikin bango yana kaɗa kunne, sai ga kura ta buɗe baki ta biyo shi. Mahaifinsu ya dube ni ya ce, "Malam, ga abin da ka zo nema nan, tun ba a kwana ba."

Gaskiyarsa kuwa, don da irin wannan Mustafa ya fara tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe kyamara: fitila, da kwalin da ya yanka siffar dabbobi, da zane a kan takarda mai shara-shara, yana tara yaran unguwa yana nuna musu. Amma akwai rata tsakanin wasan inuwa da zane mai motsi, kuma a cikin wannan ratar duk sana'ar take. A wasan inuwa hannun yaron yana motsi a gabanka, kana gani. A zane mai motsi babu abin da ya taɓa motsawa a gaban kyamara. Hotuna ne tsayayyu, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, ake jero su da sauri har ƙwaƙwalwa ta kasa raba su, sai ta ɗinke su ta ce motsi ne. Majigin silima yana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Masu zane sun daɗe da gano cewa in aka ɗauki kowane zane sau biyu ido ba ya ƙorafi, don haka zane 12 ya wadatar a daƙiƙa. Ko da wannan rangwamen, minti ɗaya yana cin zane 720, minti biyar 3,600. Da na yi wa mai masaukina wannan lissafin sai ya ajiye cokali ya ce, "Ashe wanga aiki ɗinkin hula ne." Ban ji wanda ya kwatanta shi daidai kamar haka ba: zare ɗaya, huji ɗaya, ba ka ganin ado sai ka ɗaga ta daga nesa.

Inuwar nan da yaran suke wasa da ita ma ta taɓa zama fim sukutum. A Berlin, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta yanka mutane da dawakai da aljanu daga baƙin kwali da siririn dalma, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta kwantar da su a kan gilashi mai fitila a ƙasa, kyamara tana kallo daga sama. Ta matsar da hannu kaɗan, a ɗauka. Ta ƙara matsarwa, a ɗauka. Shekara uku ana wannan, fim ɗin ya fito a 1926, kuma shi ne dogon fim na zane mai motsi mafi tsufa da ya rage a duniya. Labarin Yarima Ahmad ne, daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda kakanninmu suka sha ji a zaure. Yaran sun yi mamakin jin cewa almakashi ne babban kayan aikinta.

Da safe muka hau kabu-kabu muka zaga gari. Tawa mahaɗa ce: Adarawa, Fulani, Buzaye masu baƙin rawani, manyan motocin da ke haurawa Agadas da Arlit, da gidajen siminti da 'yan ci-rani suka gina da guminsu na Abijan. Muka tsaya a bakin otal ɗin marigayin, mai masaukina yana ba ni labarin yadda mutanen gari da yawa suka san shi a matsayin mai otal kawai, ba su san ana gayyatarsa manyan bukukuwan fim na duniya ba. Wanda ke son ganinsa a bakin aiki a wannan wuri, akwai fim ɗin da Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi a kansa a 2009.

Asalinsa makanike ne, kuma ina ganin wannan ya bayyana abubuwa da yawa game da shi. Mutumin da ya saba kwance inji ya ɗaura ba ya jin tsoron kyamara. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai fina-finan al'adu, a cibiyar bincike ta IFAN, kuma ta wannan hanyar ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren a hukumar fim ta ƙasar. Da wuya a sami malamin da ya fi dacewa da ɗalibi irin Mustafa. McLaren mutum ne da ke yin fim ko babu kyamara. Yakan ɗauki zaren fim ɗin kansa, wanda kowane gidan hoto a jikinsa bai wuce milimita 22 a faɗi ba, ya zana a kai da alƙalami da tawada, gida bayan gida. A Begone Dull Care na 1949, shi da Evelyn Lambart fenti suka shafa wa zaren kai tsaye, launuka suna tsalle tare da kiɗan Oscar Peterson. A Blinkity Blank na 1955 baƙin zare ya ɗauka ya kankare shi da allura da wuƙa, ya ci kyauta a Cannes. Har sauti yakan zana da hannu a gefen zaren. A Neighbours na 1952 kuwa mutane masu rai ya mai da kamar 'yan tsana: mutum ya yi tsalle, a ɗauke shi daidai lokacin da yake sama, ya matsa gaba ya sake tsalle, a sake ɗauka, da aka jera sai ga shi yana yawo a iska ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Fim ne kan maƙwabta biyu da suka hallaka juna saboda fure guda, ya kuma ci kyautar Oscar. McLaren yakan ce abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto ya fi abin da ke cikin kowane hoto muhimmanci. Darasin da ɗan Nijar ya komo da shi gida ke nan, tare da wani da ya fi shi amfani a ƙasar da ba kuɗi: duk abin da hannunka ya kai gare shi kayan aiki ne.

A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, wato mutuwar Ganji, labarin fadar sarkin kwaɗi, wanda ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ya yi Bon Voyage Sim, minti biyar, baƙin layi a kan fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, sai ga jirgin sama, ga faretin soja, ga tarba da jawabai. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kai, sababbin shugabannin Afirka suna ta kai wa juna irin wannan ziyara, kowa kuma ya gane wa ake nufi. Amma wa zai kai ƙarar kwaɗo? Dabarar tatsuniya ce tsohuwa, wadda ta sa Gizo yake faɗa wa sarki abin da talaka ba ya iyawa. Kwaɗo kuma yana da daɗin zane: tumbi, faffaɗan baki, idanu a sama, layi kaɗan ya gama shi. Wanda zai maimaita siffa ɗaya sau dubbai dole ya zaɓi wadda ba za ta karya masa wuyan hannu ba.

Da yamma na karɓi tsohon littafin rubutu a wurin yaran don in nuna musu yadda ake yi. A kusurwar shafin ƙarshe na zana kwaɗo a tsugune. Na saki shafin da ke gabansa ya rufe shi, ana hango na ƙasa dishi-dishi, na bi shi na zana, sai dai na ƙara durƙusar da shi kaɗan. Yayan ya ce, "Kawu, ba tsalle zai yi ba? Ya kake mai da shi ƙasa?" Na ce ya tashi ya yi tsalle mu gani. Ya tashi, kafin ya bar ƙasa sai da ya lanƙwasa gwiwa, ƙannensa suka fashe da dariya. Duk motsi yana da shiri, in ka cire shirin ido ba zai yarda ba. Daga nan muka zana shi ya miƙe ya yi tsawo, ya dunƙule a sama, ya faɗo ya baje, ya koma siffarsa. Inda muke son saurin tashi muka bar tazara mai yawa tsakanin zane da zane. A can ƙololuwa, inda jiki ke ɗan dakatawa, muka matso da su kusa-kusa. Da na kama kusurwar littafin da babban yatsa na saki shafukan suka zubo, ƙaramar ta yi ihu ta ja da baya, sannan ta matso ta ce a sake.

Abin da muka yi a zaure shi ne abin da Émile Cohl ya yi a Paris a 1908, da zane wajen 700, ya fitar da Fantasmagorie wanda bai cika minti biyu ba. Wahalar wannan hanya a fili take: in akwai bishiya a bayan kwaɗon, sai ka sake zana bishiyar a kowane shafi, kuma duk ƙwarewarka sai ta yi ta rawa. A 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar maganin wannan. A zana bango sau ɗaya, a zana mai motsin a kan roba mai garai-garai, a ɗora ta a kai, a riƙa sauya robar kaɗai. Ana huda takardu da robobin a saka su a ƙusoshi don kada su goce. Wannan ce ta mai da sana'ar masana'anta: babban mai zane ya yi manyan tsayuwa, mataimaka su cike tsakani, wasu su bi layi da tawada, wasu su shafa fenti ta bayan robar. Da haka kamfanin Disney ya yi Snow White a 1937, da ɗaruruwan ma'aikata. Ba na raina wannan aiki, kyansa ba ya ɓoyuwa. Sai dai ya sa mutane da yawa sun ɗauka katun sai mai ƙaton kamfani, alhali ga mutum guda a Yamai da alƙalami da takarda ya sa shugaban ƙasa a jirgi.

Lahadi ce ranar kasuwar Tawa. Na yi ta yawo tsakanin masu cuku da masu dabino, na tsaya a rumfar dukawa ina kallon yadda suke yanka jar fata siri-siri suna kitsa ta, na wuce maƙera, na wuce teloli. A nan na fahimci inda 'yan tsanan Mustafa suka fito. A Samba le Grand na 1977, labarin jarumin da gimbiya ta yi ta ɗora wa sharuɗɗa kafin ta yarda da shi, mutanen duk 'yan tsana ne masu riguna da rawuna da dawakai, kuma babu abin da ke jikinsu da ba za a samu a kasuwa irin wannan ba: ƙyalle, fata, itace, waya. 'Yar tsanar fim tana bukatar ƙashi, wato waya ko ƙarfe mai gaɓoɓi da zai lanƙwasu ya kuma tsaya inda aka bar shi, da ƙafa da za a kafe a ƙasa. Sauran duk aikin tela ne da baduku.

A bayan kasuwar mai masaukina ya kai ni gaida wani tsoho da ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, yanzu yana sayar da igiya. Wuyansa har yau na ɗan kokawa ne. Tawa tana da haƙƙi a kan wannan wasa, don a nan aka yi gasar takobi ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, akwai wata kokawa da nake so ka yi mini alƙalancinta." Na buɗe masa Kokoa a waya, fim ɗin da Mustafa ya yi da 'yan tsana, inda kwaɗi da hawainiya da sauran dabbobi suke karawa a fage, ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga mai sharhi.

Da farko dariya ya yi ta yi. Can sai ya yi shiru ya karɓi wayar da hannunsa ya matso da ita kusa da ido. Abokan kasuwarsa suka taru a bayansa. Yana kallon yadda 'yan kokawar ke zagaya juna a sunkuye, kowa yana neman inda zai kama, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wanda ya yi wanga abu ya zauna bakin fage. Duba ƙafar baya. Haka munka koya, ba a haɗa ƙafa wuri guda." Da aka yi kaye ya buga cinya ya yi kabbara. Ya tambaye ni ko da zare ake jan su. Na ce babu zare, hannu ne ke matsar da su kaɗan-kaɗan, a ɗauki hoto, mai hannun ya janye, ya dawo ya ƙara. Kokawar minti goma tana iya cin hoto 7,200. Ya jinjina kai ya ce, "To shi ma ya yi kokawa."

Hukuncin tsohon nan ya fi mini na kowane masanin fim, domin ya taɓa ainihin abin. Kyan 'yar tsana ba shi ne ke sa a yarda da ita ba. Nauyi ne: a ga inda jiki ya dogara, a ga jinkirin da ke gaban kamu da saurin da ke bayansa. Wannan kuwa ba a koyonsa sai da kallo. Abin sha'awa, fim ɗin 'yan tsana ma da kokawa ya soma tashe. Wajen 1910, a Kaunas ta ƙasar Lituweniya, Ladislas Starewitch ya so ya ɗauki faɗan wasu manyan ƙwari masu ƙaho, amma da an kunna fitilun ɗauka sai su ƙi faɗan. Sai ya ɗauki matattunsu ya sa musu ƙafafun waya ya manne da kakin zuma, ya shirya faɗan da hannunsa hoto bayan hoto. Da ya ci gaba da irin waɗannan fina-finai a Mosko, har akwai masu kallon da suka ɗauka horar da ƙwarin ya yi.

Washegari yaran gidan suka tashe ni da yumɓu a roba, sun samo wurin masu tukwane, sun ce lallai sai mun yi namu. Muka gina kwaɗi biyu, kowanne kamar dunƙulen hannu, muka sa musu ƙashin wayar da aka kwance daga tsohon keji. Muka kafa wayata a tsakanin tubala biyu a tsakar gida. Nan yumɓu ya fara koya mana abin da littafi ba ya faɗa. Iskar hunturu tana busar da shi, kafin a kai hoto na talatin hammatar kwaɗon ta tsage, sai an riƙa shafa ruwa da gashin kaza. Duk wanda ya taɓa wayar don ɗauka sai ta ɗan gusa, duniya duka ta yi girgiza a hoton, har sai da yayan ya tuna cewa maɓallin da ke jikin igiyar abin sauraro yana ɗaukar hoto ba sai an taɓa waya ba. Rana kuma ba ta jiran kowa. Da muka duba abin da muka tara, inuwar kwaɗin tana gudu a ƙasa daga yamma zuwa gabas, haske yana ƙyaftawa. Dalilin da ya sa masu wannan aiki suke rufe kansu a ɗaki mai duhu da fitilar da ba ta sauyawa ke nan. Muka kwashe muka koma zaure, muka toshe taga da bargo, muka ɗaure tocila a jikin kujera. Zuwa la'asar muna da hoto 120, daƙiƙa goma cif: kwaɗo ya sunkuya, ya kama ƙafar ɗan'uwansa, ya ɗaga shi, ya kayar. Maƙwabta suka shigo kallo, uwar gida ta sa aka maimaita mata har tuwonta ya kusa kamawa.

Ƙaramar, wadda aka hana ta taɓa yumɓu, ta koma gefe tana zane da yatsa a rairayin tsakar gida. Na gaya mata ita ma tana kan hanya. A hukumar nan ta Kanada, Caroline Leaf ta zuba rairayi a kan gilashi mai haske a ƙasa, tana tura shi da yatsa tana ɗauka, ta yi fim a 1974 kan tatsuniyar mutanen Inuwit ta mujiyar da ta auri dinya. A wannan hanya kowane hoto sai an rushe shi kafin a sami na gaba, ba a komawa baya a gyara. Rairayi dai ba ya cikin abin da Tawa za ta yi sayensa.

Mustafa bai tsaya kan katun ba. Ya yi Aouré a 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye, ya yi FVVA a 1972 da Toula a 1973. Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekara 15, ya kuma riƙa loda majigi a mota yana bin garuruwa yana nuna wa mutanen da ba su da gidan silima. Da kwamfuta ta zo bai juya mata baya ba, ya koye ta da furfurarsa a nan Tawa, ya zaunar da matasa suna koyo tare da shi. Don haka ba ina cewa samarinmu su jefar da kwamfuta su koma yumɓu ba ne. Abin da nake gani a yawancin katun ɗin Hausa da ke yawo a waya shi ne mutane masu sulɓi kamar ba su da nauyi, baki yana buɗewa yana rufewa, jiki a sandare, tafiyar ba ta kowa ba ce a unguwarmu. Manhaja tana cike tsakanin hoto da hoto da kanta, kuma tana cikewa daidai wa daida, alhali ba mai rai da ke motsi daidai wa daida. Wanda ya taɓa matsar da ƙafar kwaɗo da yatsunsa sau ɗari ya san inda zai hana manhajar yin gaban kanta.

A 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA a New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finan Mustafa Alasan. Na ji daɗin wannan girmamawa, amma a zauren da na kwana, cikin garin da ya zauna, yaran gidan ba su taɓa ganin ko ɗaya ba sai a wayar baƙo daga Nijeriya. Fina-finan nan gajeru ne, yawancinsu ba sa bukatar fassara, kuma an yi su ne don irin waɗannan yara da irin tsohon nan mai igiya. Tashoshin talabijin na Kano da Sakkwato da Damagaram suna da sa'o'in da suke cikewa da katun ɗin waje; neman izinin nuna waɗannan daga iyalinsa da masu riƙe da su ba abin da ya fi ƙarfinsu ba ne.

Mai masaukina bai jira talabijin ba. Daren da zan tafi ya zauna da takarda yana lissafin abin da zai bukata don ya gwada da 'yan ajinsa: waya ɗaya, maƙalin da mai walda zai yi masa da guntun ƙarfe don kada ta gusa, fitila mai caji, yumɓu, da ragowar ƙyalle daga telan unguwa. Ya raba ajin gida huɗu, kowane gida da tatsuniyarsa ta rabin minti, hoto 360 ke nan. Ya ce zai fara da ta Gizo da Ƙoƙi, sai yayan ya tuna masa cewa Gizo ƙafa takwas gare shi kuma kowace sai an matsar da ita a kowane hoto. Malam ya yi shiru yana duban takardar, sannan ya soke Gizo ya rubuta kunkuru.